Kunyar 'Yar Fari

Ni ce 'yar farin Inna, kuma duk wanda ya tashi a cikin birnin Zariya ya san abin da hakan yake nufi a gidajen da ba su saki al'ada ba. Ba ta taɓa faɗin sunana ba. Ba ta taɓa zama a tabarma ɗaya da ni ba, ba ta taɓa sa hannu a kwanon da na sa hannu ba. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin Kaka, mahaifiyar babanmu, can ƙarshen tsakar gida, na girma ina hango uwata tana goya ƙannena tana yi musu wasa. In tana son a kira ni sai ta ce, "A kira waccan." Da aiki ya kawo ni Abuja sai na samu ƙarin girma, na koma "mutanen Abuja". Ko ina zaune a gabanta, autanmu za ta kalla ta ce, "Mutanen Abuja sun ci abinci kuwa?" Ni kuma in kalli bango in ce mutanen Abuja sun ƙoshi.

Kunya ce, ba ƙiyayya ba, na sani. Ba sai an zaunar da ni an yi mini bayani ba, don ni ma na sha yi wa abokan aikina 'yan kudu bayanin a ofis, har da dariyata. Amma na haura hamsin ina jin haushin autanmu, ƙato da gemunsa, saboda kawai ya taɓa barci a cinyarta.

Aikin da aka san Inna da shi a unguwarmu shi ne zama a kan mace idan rai ya zo gargara, da wanke ta idan ta cika. Don Allah take yi. Ana aikowa za ta ajiye muciya ko tuwon bai nuna ba, ta yafa mayafi, ta ɗauki ƙullin ganyen magarya da kafur ta fita. In ta dawo, tsakar gidan duk sai ya ɗauki ƙamshin kafur. Har yau ba na iya sa shi a akwatin kayana, gara kyankyaso ya ci atamfar.

Tana da ƙa'ida a wannan aiki, kuma ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Ba a ce wa mai mutuwa "ki ce kaza", don zafin ciwo yana iya sa ta ce ba za ta ce ba, ka jawo mata. Sunkuyawa ake yi kusa da kunnenta a faɗi kalmar shahada a hankali, ta ji ta bi. In ta faɗa, shi ke nan, kowa ya kama bakinsa, har ita mai laƙanta mata kalmar. Ba "kin gane ni?", ba "me za ki ce mana?", domin in ta amsa, kalmar ta daina zama ta ƙarshe, sai an sake sabon lale, kuma ba kullum ake samun na biyu ba. Inna za ta ɗaga yatsa ɗaya sama, ɗaki ya yi tsit. Na taɓa raka Kaka dubiya na ga ta fitar da matar liman daga ɗaki da wannan yatsan kawai.

Mace mai irin wannan aiki sai ka ɗauka ba ta tsoron komai, amma akwai abu ɗaya. Wata sallar layya da na je gida, muna zaune ana suya, ta ba da labarin wata tsohuwa da ta cika tana cigiyar akuyarta, an yi an yi ta bi kalmar ba ta bi ba. Sai ta dubi autanmu ta ce, "A gaya wa mutanen Abuja, su ne manya. In tawa ta zo, kada a bar ni in tafi da maganar akuya a bakina." Ina zaune nan gefen turmi. Abin da ta taɓa roƙona ke nan a duniya, shi ma ta hannun wani.

Ciwon ya fara da ƙananan abubuwa. Ta zuba gishiri a kunu. Ta idar da la'asar ta sake tayar da ita, ta kuma sakewa. Daga nan ta fara fita neman gidan iyayenta da aka rushe tun kafin a haife ni, sai masu shago su riƙo hannunta su dawo da ita. Matar autanmu na fama da ƙananan yara, ni kuwa mijina ya rasu, 'ya'yana kowa ya kama gabansa, ga gida ba kowa, ga likitoci a kusa. Aka sako ta a mota aka kawo mini. Da hankalinta, ko da igiya ba za a shigar da Inna gidan 'yar fari ta kwana ba. Ranar kuwa ta sauko daga mota ta dube ni tsakiyar ido, abin da ba ta taɓa yi ba, ta yi murmushi ta ce, "Sannu 'yar nan. Gidan wa ne wannan?" Na ce gidanki ne, na shiga kicin na buɗe famfo don kada a ji ni.

Likitan da ya duba ta bai ɓoye mini ba. "Hajiya, dementia ce, abin da muke ce wa gigin tsufa. Ba ta warkewa, sai dai management." Na yi shekaru a ma'aikatar gwamnati, na san abin da kalmar nan take nufi idan babba ya faɗe ta: a lallaɓa har abin ya mutu da kansa.

Gidana yana wani rukunin gidaje bayan kasuwar kifi ta Kado. In iska ta juyo, ƙaurin bandar kifi har ɗaki. Unguwa ce da ba a jin daka, ba a jin zakara, ba mai talla. Da hantsi ya yi kowa ya tafi ofis, yara suna makaranta, sai dogayen katangu da rana, shiru har kana jin firij yana numfashi. Na ɗauki wata mata daga Jiwa ta riƙa zama da Inna in na tafi aiki. 'Yar ƙabilar Gbagyi ce, Kirista, ta kusa sa'ata, ta yi jinyar uwar mijinta har ta binne ta, ga ƙarfi ga haƙuri. Hausarta irin ta Abuja ce, mace da namiji duk "ya" ne a bakinta. Ita ce ta fara gaya mini zancen baƙi.

Na dawo daga aiki wata rana na tarar da tabarmi biyu a shimfiɗe a bakin get, ta ciki, ba kowa a kai. Na tambaya. Mai jinyar ta ce, "Hajiya, Mama ya ce baƙi ya zo, mu ba su wuri." Na ce waɗanne baƙi? Ta ɗaga kafaɗa. Na leƙa ɗakin Inna, ta kama hannuna ta ja ni bakin taga, tana nuna mini tabarmin tana gaya mini su waye: ga matar mahauci, ga tsohuwar gidan rini, ga amaryar da ta rasu wajen haihuwa shekarar da aka yi ambaliya. Wasu na san su, wasu labarinsu kawai na ji. Duk ita ta wanke su.

"Me suka zo yi?" na ce, don likita ya ce kada a riƙa yi mata musu.

"Sun zo rama mini zaman da na yi musu mana," ta ce, kamar na tambayi abin da yaro ma ya sani. "Ai ba sa shigowa tukuna. Suna da kawaici."

Na sa a naɗe tabarmin. Ni ma'aikaciya ce, ba na son shirme a gidana, kuma me maƙwabta za su ce. Washegari Inna ta ƙi cin abinci, ta ce ba za ta ci ba baƙi suna tsaye a rana. Mai jinyar ta same ni a kicin ta ce, "Hajiya, a garinmu tsoho in ya fara gani mutane, ba ka yi masa gardama. Ka ba su wuri kawai. Tabarma ne, ba zai ƙare ba." Aka mayar da tabarmi, Inna ta sha romon tarwadarta.

Ba su daɗe a bakin get ba. Da zafin bazara ya tsananta Inna ta ce a dawo da su baranda. Da aka yi ruwan farko ta ce a shigo da su falo. Ta hana zama a doguwar kujera, wai akwai mutane. Mai jinyar in tana shara sai ta kewaye tabarmin, har na ji ta wata rana tana cewa, "Sannu ku, a ɗaga ƙafa." Na yi mata tsiya na ce to, ke ma kin shiga ƙungiya. Ba a yi mako ba na kama kaina ina sallama a ƙofar falona da rana tsaka, ina tsayawa kaɗan kamar mai jiran a amsa.

Akwai abu ɗaya da har yau ban san inda zan ajiye shi ba. Wata Asabar da hantsi Inna tana zaune a falo, ta ƙura wa ƙarshen tabarma ido, ta taɓe baki. Ta ce, "Wannan ba ni na wanke ta ba. Dubi, an bar mata sabulu a bayan kunne. Yaran yanzu!" Na ce wace ce? Ta ce mai kitson bayan masallaci mana. Na yi dariya, don matar nan ƙalau na bar ta a Zariya, ita ta yi mini kitson sallar da ta wuce. Bayan azahar autanmu ya bugo waya, muka gaisa, har zai kashe ya ce, "Af, Yaya, na manta. Mai kitson nan ta bayan masallaci Allah Ya yi mata rasuwa, jiya aka kai ta." Wataƙila Inna ta ji wani ya faɗa a waya, na ce wa kaina. Amma ba mai kiran Inna a waya, ta daɗe da manta mene ne amfaninta. Na zauna riƙe da wayar ina kallon ƙarshen tabarmar, ba komai a kai sai hasken taga.

A cikin watannin nan ne salla ta suɓuce mata. Da farko raka'o'i ne suka cakuɗe, daga baya Fatiha ta riƙa tsinkewa a tsaka, daga baya in an shimfiɗa mata darduma sai ta zauna tana tsince zarenta. Na riƙa gwada ta. In ina ba ta kunu sai in faɗi kalmar shahada a hankali, kamar da kaina nake, in saci kallonta. Sai ta ce kunun ya yi tsami, ko ta tambaye ni ko an ɗaure akuya. Akuya dai, Allah na tuba. Duk sanda ta ambaci akuyar nan sai gabana ya faɗi.

Na kai kukana wurin wani malami da muke aiki hawa ɗaya. Ya ce in kwantar da hankalina, wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, Allah ba Ya kama shi da abin da ya fita daga bakinsa. Na yarda, kuma na gode masa. Sai dai ba Allah ne ya aiko mini da saƙo ta bakin autanmu ba, Inna ce, kuma ita ba ta ce "sai dai in hankalina ya gushe" ba.

Wata Lahadi mai jinyar ta tafi coci, daga ni sai Inna. Bayan azahar zafi ya kwantar da ni a gefen gadonta, barci ya ɗauke ni. Cikin barci na ji ana juya ni. Hannuwa ne masu sanyi, marasa nauyi, amma sun san abin da suke yi: ɗaya a kafaɗa, ɗaya a ƙugu, aka mirgina ni kan damata ina fuskantar gabas. Matar da ba ta iya gane ƙofar banɗaki, ta gane gabas. Na farka sarai amma ban motsa ba. Na ji numfashinta a kunnena, sannan muryarta, ba muryar gigin nan ba, tsohuwar muryarta ta aiki, a hankali, daram: "La'ilaha illallah." Ta yi shiru tana jira. Ta sake faɗa. Na buɗe baki na bi ta.

Ta ƙasan gashin idona na ga ta ɗaga yatsa ɗaya sama, tana kallon ƙofar ɗakin, inda ba kowa. Sannan ta sa babban yatsanta ta shafo idona na dama ta rufe, ta shafo na hagu. Ta kwance ɗankwalinta ta zagayo da shi ƙarƙashin haɓata ta ɗaure a tsakiyar kaina, ba tamau ba, ba sako-sako ba. Ta kama yatsuna ɗaya bayan ɗaya tana lanƙwasawa tana miƙewa. Ta gyara mini gashin da ya fito a goshi. Tana yi tana cewa, "Sannu, kin huta. Sannu 'yar nan, kin huta."

Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Ina kwance a gidana da rana tsaka, haɓa a ɗaure, uwata tana shirya ni kamar gawa, ina jin wata mota tana wucewa a waje. Amma tun da aka yaye ni hannunta bai taɓa fuskata ba sai ranar. Na kwanta lamo na bar ta ta gama. Hawaye ya gangaro ta gefen idona ya shiga kunne, ta sa bakin zaninta ta goge ta ce, "Wasu suna yi, ba komai."

Daga ranar na riƙa kwanciya a gefenta duk ƙarshen mako bayan azahar. Ba kullum take yi ba, wani lokacin sai ta yi ta barcinta ta bar ni da kunya. Amma in ta yi, haka take yi daki-daki, ba ta tsallake ko ɗaya. Wata Asabar mai jinyar ta turo ƙofa da kofin kunu ta gan mu. Kofin ya faɗi. Ta kira sunan Yesu, ta dafe ƙirji, sai da na ɗaga mata hannu. Daga baya a kicin ta ce, "Hajiya, wannan wasa ba shi da kyau. Mutane na falo zai ɗauka kai ne." Na ce mata su ɗauka, ai ni ma ba tabbata zan yi ba. Na faɗa ne da ƙarfin hali, amma yammacin ranar ta ƙofar baya na bi na shiga kicin.

Na lura, ba shakka, cewa kalmar ba ta fita daga bakin Inna sai a wannan lokacin. Ban ɗauke shi a bakin komai ba. Aiki take yi, ni take faɗa wa, ba kanta ba. Kuma da damina ta yi nisa ƙarfinta ya ƙare, ko zama ba ta iya yi sai an tallafe ta, wasan namu ya mutu. Ta daina haɗiye tuwo, ta daina haɗiye kunu, sai ruwa a cokali. Likita ya ce za a iya kwantar da ita a asibiti a sa mata roba ta hanci. Na tambaye shi ko zai dawo mini da ita. Ya ce a'a, zai dai ƙara kwanaki. Na tuna yadda ta fizge allurar ruwa a hannunta wani karo da aka taɓa kwantar da ita, har aka ɗaure hannun a jikin gado, tana kuka tana tambaya me ta sata. Muka yi shawara da autanmu, muka bar ta a gida, wata nas tana zuwa tana duba ta. Ni da mai jinyar muka riƙa juya ta don kada bayanta ya yi gyambo, muna shafa mata man kaɗanya, muna jiƙa mata leɓe da auduga.

Tabarmin kuwa sun baro falo. Ba ta iya nuni da hannu sosai, amma da ido ta sa aka shimfiɗa su a ɗakinta, jikin bango, har ba wurin taka ƙafa. Da na zo wucewa na taka gefen ɗaya, sai ta ce da 'yar muryar da ta rage mata, "A hankali, akwai mai ciki."

Ranar wata Alhamis nas ta saurari ƙirjinta ta ce in kira 'yan'uwa. Washegari autanmu ya taso daga Zariya da asuba, ya iso da hantsi. Hadari ya haɗu ta wajen Jiwa, garin ya yi duhu-duhu, wutar lantarki ta ɗauke, ba wanda ya tuna da janareta. Numfashinta yana ja yana tsayawa, yana ja yana tsayawa. Amma bakinta bai yi shiru ba. Akuya. An bar akuya ta shiga rumbu. A kama akuya, za ta ci dawar mutane.

Autanmu ya durƙusa yana kuka yana cewa, "Inna, ki ce la'ilaha illallah. Inna, ki ce." Na daka masa tsawa, na ce a cinyarta ka girma amma ba ka san ba a cewa "ki ce" ba? Matsa. Na sunkuya kusa da kunnenta na faɗa a hankali yadda take yi. Na jira. Ta ce igiyar ta tsinke. Na sake faɗa. Ta ce farar ce, mai ƙaho ɗaya. Na yi ta faɗa har muryata ta dushe, numfashin yana ƙara nisa tsakaninsa, ita kuwa tana bin akuyarta lungu-lungu. Abin da ta roƙe ni guda ɗaya tak, ga shi yana zubewa a hannuna ina kallo.

Ban san lokacin da na tashi na zagaya ɗaya gefen gadon ba. Na cire mayafina na hau na kwanta a gabanta, kan damata, na ba ta baya ina fuskantar gabas, na matso da kunnena daf da bakinta. Na jawo hannunta na ɗora a kumatuna. Autanmu ya ce, "Yaya, lafiya? Me kike yi haka?" Mai jinyar ce ta amsa masa daga bakin ƙofa: "Oga, ka bar shi. Ka yi shiru." Na riƙa jan numfashi da ƙarfi ina sakewa, irin na wanda ake zare wa rai.

Maganar akuya ta ci gaba kaɗan, sannan ta tsaya. Na ji yatsun da ke kumatuna sun motsa, suna lalube, sun gane inda suke. Ɗakin ya yi shiru, har ina jin ɗigon farko na ruwa a kan rufi. Sai ga numfashinta a kunnena, da muryar nan ta aiki, ta ragu ta zama kamar zare amma ba ta karkace ba: "La'ilaha illallah."

Na bi ta. Na san in na bi ta ba za ta ƙara cewa komai ba, ƙa'idarta ce.

Hannun ya bar fuskata, na buɗe ido kaɗan na ga yatsa ɗaya a tsaye yana rawa, tana nuna wa mutanen jikin bango. Autanmu ya toshe bakinsa da hularsa. Yatsan ya sauko ya shafo idona na dama ya rufe. Ya nufi na hagu, sai ya tsaya a kan girata, ya daɗe a nan. Na juyo a hankali na dube ta.

Tana kallona, kuma ba kallon "'yar nan" ba ne. Idon ya washe, akwai mutum a cikinsa. Ta dubi goshina, ta dubi hancina, irin na babanmu, ta dubi hannunta a kan fuskata. Sai na ga abin ya sauko mata. Ta janye hannun, a hankali, da sauran ƙarfin da ya rage, ta tura shi ƙarƙashin zani. Ta kawar da idonta daga kaina ta mayar kan autanmu, yadda ta saba in tana da saƙo. Leɓenta ya buɗe. Na san abin da ke tafe, mutanen Abuja ne za a tambaya me suke yi a gadonta, ko sun ci abinci. Wallahi ban taɓa son jin wata magana kamar wannan ba, kuma ban taɓa tsoron wata magana kamar ita ba.

Ta rufe bakinta. Da kanta ta rufe shi, ta matse leɓe, irin matsewar da take yi wa mata masu surutu a ɗakin mutuwa. Ruwa ya kece a waje. Ta ja numfashi, ta ja wani, ba ta sake duban inda nake ba. Ba ta kuma ƙara cewa komai ba.

Autanmu ya ce, "Yaya, yanzu me ake yi? A kira wa?" Na ce ba a kiran kowa tukuna. Na sauko daga gadon, na sa babban yatsana na rufe mata ido na dama, na rufe na hagu. Na kwance ɗankwalina na zagayo da shi ƙarƙashin haɓarta na ɗaure a tsakiyar kai, ba tamau ba, ba sako-sako ba. Na zaro hannun da ta ɓoye mini a ƙarƙashin zani, na riƙe shi, na bi yatsun ɗaya bayan ɗaya ina lanƙwasawa ina miƙewa. Yana kallona ya ce, "A ina kika koyi wannan?"

Na ce, "A fuskata."

Mai jinyar ta sunkuya za ta fara naɗe tabarmin jikin bango. Na ce ta bar su tukuna, sai an gama wanka.